Jitar Lantarki da Faifan da Aka Naɗa a Sakkwato

Kiɗan mutum ɗaya tilo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Mai molo da mai garaya sukan zauna su kaɗai, hannu yana bin abin da zuciya ta kawo nan take, kamar yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntiginsa. Amma irin wannan kiɗa yana da rauni guda: da zarar an ajiye kayan kiɗa, ya wuce ke nan, gama ko makaɗin da kansa ba zai iya maimaita shi daidai ba. Saboda haka tarihin jitar lantarki a ƙasashenmu yana tafe tare da tarihin naɗar sauti.

A Amurka aka fara sayar da jitar lantarki a shekarun 1930. Wajen 1960, ana cikin naɗar waƙa a birnin Nashville, sai na'ura ta sami matsala, sautin ya fito da kaushi. Mutane suka ji ya yi musu daɗi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera ɗan akwati mai kwaikwayon wannan kaushi, kamfanin Gibson kuma ya soma sayar da shi a 1962. Akan sa akwatin tsakanin jita da amsa-kuwwa, makaɗi yana taka shi da ƙafa, gama hannuwansa biyu suna kan tsirkiya. Daga baya aka ƙera waɗansu masu sa amo ya yi ta dawowa kamar kuwwa cikin kogo, da masu sa jita ta yi kamar kukan jariri. Jimi Hendrix, wani bahagon makaɗi wanda ya rasu a 1970, yana cikin waɗanda suka sa duniya ta san su.

A Nijar kuwa, Abzinawa ne suka fi rungumar jita. Lokacin tawayen da ya tashi a 1990 ya ƙare da sulhu a 1995, waƙoƙin Abdallah Oumbadougou sun yi ta yawo a kaset, daga hannu zuwa hannu, a ɓoye. Wani yaro daga yankin Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya ga wasan Abdallah ya yi sha'awa. Da yake ba shi da jita, danginsa kuma ba su yarda da kiɗa ba, sai ya harhaɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne.

A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na fari, mai suna Anar. Ɗakunan naɗar sauti na Arewa a lokacin sun saba da waƙoƙin finafinan Hausa, inda kwamfuta takan lanƙwasa muryar mawaƙi. Haka aka yi wa tasa muryar, sai waƙar Abzinawa ta fito da salon da ba a saba ji ba. Ba kamfanin da ya sayar da faifan a lokacin. Matasa ne suka riƙa tura wa juna waƙoƙin ta wayar hannu har suka kai Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya, ya sa ta cikin faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai ita har ya same shi.

A 2017 aka fitar da Sousoume Tamachek, wanda Mdou ya naɗa a birnin Portland shi kaɗai, yana kaɗa kowane abu da kansa, ana ɗora wani sauti bisa wani. A 2019 kuma Ilana ya fito, wanda ya naɗa a Detroit tare da abokan kiɗansa, jitar tana ruri da kaushin nan da aka fara ji a Nashville.

To, da ba a naɗi waƙoƙin nan a Sakkwato ba, da wuya a ji labarinsa a nesa. Makaɗa nawa ne na garaya da gurmi suka tafi kabari da gwanintarsu domin ba wanda ya ɗauka? Yanzu wayar da ke aljihun yaro tana iya wannan aiki. Inda dattijo mai kiɗa yake da sauran ƙarfi, ya kamata 'ya'ya da jikoki su nemi izininsa su naɗa, su rubuta sunansa da garinsa da shekarar da aka yi.