Chikungunya: Yadda Tsohuwar Taya Ta Share Wa Cuta Hanya

Jama'a, a 2025 dubban mutane suka kamu da chikungunya a birnin Foshan na ƙasar Sin, har wasu suka ɗauka sabuwar cuta ce. Ta fi shekara 70 da sani.

A kudancin Tanzaniya aka fara gano ta a 1952. Sunan daga yaren Makonde yake, yana nuni da yadda ciwon gaɓoɓi ke lanƙwashe mutum ya riƙa tafiya a duƙe. Ba ta cika kisa ba, amma ciwon kan ɗauki watanni, ya hana noma ya hana kasuwa.

Shekara da shekaru tana Afirka da Asiya. To me ya kai ta Turai? Wani sauro ne mai zanen baƙi da fari, Aedes albopictus, ɗan asalin Asiya. Ƙwansa na iya jure bushewa na watanni a cikin tsohuwar taya, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Cinikin tayoyin gwanjo ya tsallaka da shi teku: an gan shi a Texas ta Amurka a 1985, a Italiya a 1990, a jihar Delta ta Najeriya a 1991. Sauron ya riga cutar isa, ya zauna yana jira.

A 2005 zuwa 2006 cutar ta kama wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Reyuniyon, inda ƙwayar ta sauya ta ƙara dacewa da wannan sauro. A 2007 matafiyi ɗaya daga Indiya ya shiga da ita arewacin Italiya, mutum kusan 200 suka kwanta. A Disamban 2013 ta ɓulla a yankin Karebiyan ta hanyar ɗan uwansa Aedes aegypti, cikin shekara guda waɗanda ake zargin sun kamu a nahiyar Amurka suka haura miliyan ɗaya.

Mu a nan kowane zazzaɓi maleriya ne, sai a wuce kyamis kawai. Alhali wannan sauron da rana yake cizo, gidan sauron dare kaɗai bai wadatar ba. Kuma a ruwan randa, durom da tayoyin da ke jibge a wajen mai faci yake haihuwa.

Don Allah mu rufe mazubin ruwa, mu zubar da wanda ya kwanta duk mako, mu yi gwaji kafin shan magani. Hukumomin lafiya kuma su sa ido tun kafin damina ta kankama. Allah Ya kare mu.