Wayoyi Biyu a Bayan Kuloci: Gadon Kanikawan Hanyar Matamaye

Yauri ta ƙasar Matamaye, ba ta bakin Kwara da ke Kebbi ba, ƙaramar hukuma ce ta manoma a kudancin jihar Damagaram, kuma galibin motocin da ke kai mutanenta kasuwa sun ci duniya kafin su iso. Idan irin wannan mota ta ƙi tashi, aka murza makulli aka ji shiru, akwai gyaran da hannu ke saurin kaiwa gare shi: bakanike ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya zare ɗan makunnin da ke bayan kuloci, ya haɗa bakin wayoyinsa biyu, ya naɗe da salatif. Mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Babban aikin makunnin shi ne ya hana wuta zuwa ga sitata sai direba ya taka kuloci har ƙasa, don kada motar da aka bari cikin giya ta zabura. A ganina haɗa wayoyin nan gwaji ne mai kyau da aka mayar gyara, kuma tarihin sana'ar ne ya jawo haka.

Mota ta shigo wannan yanki babu makunnin tsaro ko ɗaya, sau da yawa ma babu dogaro da sitata. Tun 1912 kamfanin Cadillac a Amurka ya fara sa sitatar lantarki da Charles Kettering ya ƙera, amma ƙarfen murɗawa ya daɗe bai bar akwatin kayan aiki ba. Ayarin motocin Citroën da ya ratsa Sahara ya biyo ta Damagaram a ƙarshen 1924, lokacin birnin yana fadar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sai dai gyaɗa ce ta zaunar da mota a nan. Tunda jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano a 1911, gyaɗar Matamaye da Kance da Magarya kudu take nufa, ta Daura, kuma a hanyar da babu gareji tsakanin zango da zango direba da yaron mota su ne kanikawan kansu. Darasin da suka koya shi ne a kawar da duk abin da ya tsaya tsakanin batir da inji, a isa gida kafin dare.

Fijo ce ta mayar da wannan darasi makaranta. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, daga 1975 kuma masana'antar Kaduna ta shiga harhaɗa su, kayan gyaransu suka cika kasuwanni daga Kano har Damagaram. Wayarin waɗannan motoci yaro mai basira zai haddace shi a damina guda. Batir ya mutu? A sa giya ta biyu, majiya ƙarfi su tura, direba ya saki kuloci, inji ya kama. Sitata ta cije? A ƙwanƙwasa ta da sifana. Mazaunin makulli ya lalace? A sa sukundireba a haɗa ƙusoshin sitata biyu, tartsatsi ya tashi, inji ya juya. Dabaru ne na gaskiya, sun kuma ceci fasinjoji da yawa daga kwanan daji. Amma a lura, kowacce daga cikinsu da ganewa take farawa. Tsohon bakanike kunne yake fara kasawa kafin ya ɗauki ƙarfe.

Wannan kunnen har gobe yana aiki. In aka murza makulli aka ji ƙas-ƙas-ƙas fitilu suka dushe, batir ne ko kawunansa da farin gari ya cinye. Zafin bazara kuwa yana rage wa batir kwana. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, in ya faɗo ƙasa da 10 yayin murzawa to ya gaji. In aka ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi fitilu suna nan tangaras, a tuhumi sitata. In inji yana juyawa bai kama ba, maganar mai ce ko ta wutar filogi, kuma a ƙasar da ake sayen fetur a kwalba bakin titi, ruwa da datti a tanki ba baƙi ba ne. A galibin motoci makunnin kuloci ba shi da hannu a ko ɗaya daga waɗannan. Sai an ji shiru tsit alhali fitilu suna haske sannan ya shiga jerin waɗanda ake zargi, shi ma tare da fis da rile da mazaunin makulli. A nan haɗa wayoyin na minti ɗaya yake da amfani: in ta tashi an gano mai laifi. Sau da yawa ma makunnin lafiyarsa lau, ɗan robar da ke danna shi ne ya farfashe, ko tabarmar ƙafa ta hana kuloci kaiwa ƙasa.

Abin da ya canza shi ne motar. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 sabuwar mota ta ƙara yi wa talaka nisa, tsofaffin motocin Turai da Amurka da ake saukewa a tashar Kwatano suka mamaye hanya. Sun zo da kwamfuta a ciki: Amurka ta wajabta tsarin binciken OBD-II daga 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Makunnin kuloci ya fi yawa a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da kuma sababbi masu tashi da maɓalli. Almajirin gareji ya gaji hannun maigidansa mai saurin haɗa waya, ya tarar da motar da maigidan bai taɓa koya a kanta ba.

Masu kare haɗin dindindin suna da hujja, ba kuwa ta banza ba. Sukan ce makunnin ba a samunsa a Matamaye, sai an aika Damagaram ko Kano, motar haya kuwa in ta kwana a gareji gidaje da yawa ne suka kwana babu cefane. Sukan ƙara da cewa 404 ta shekara da shekaru ba ta da shi, direban kirki kuma ya san ya cire giya. Har Toyota da kanta ta sa wa wasu motocinta na shiga daji maɓallin tsallake makunnin, don direban da ya maƙale a tudu ya iya tayarwa cikin giya.

To amma a dubi yadda Toyota ta yi nata: sai an danna da gangan, kuma da an kashe mota tsaron ya koma mazauninsa. Salatif ba ya komawa. Direban 404 ya san motarsa ba ta da kariya, hannunsa ya saba girgiza sandar giya kafin ya taɓa makulli. Wanda ya sayi motar da aka yi wa haɗi a ɓoye bai sani ba, kuma motar haya hannu take canzawa, yau maigida, gobe ƙane, jibi yaron mota da aka ce ya ɗuma inji da asuba. Motar da birkin hannunta ya mutu a cikin giya ake ajiye ta, da dutse a bayan taya. A tasha ranar kasuwa, taku biyu gaban bamba akwai mai tallan ƙosai, akwai ɗan dako da buhun wake a ka. A wasu sababbin motocin kuma kwamfuta tana karanta wannan makunnin, haɗin sai ya sa ta ɗauka ƙafa na kan kuloci kullum, a kwance wata matsalar a ɗaura sabuwa. Maganar rashin kaya gaskiya ce, sai dai ta ba da uzurin kwana uku ne, gwargwadon lokacin da saƙo zai bi ta kan iyaka a Ɗan Barto da Kwangwalam ya je Kano ya dawo a hannun direban da aka saba da shi.