KAFIN A KIRA TA 'YAR BARIKI: TARIHIN HANYAR DA KE CINYE 'YAN MATAN KARKARAR KANO



Duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san wannan yarinyar. Ita ce wadda ake cirewa daga makaranta a ɗora mata farantin talla, ko a ɗaura mata auren da ba ta so, sai labari ya yi tsalle mu tsince ta a wani gida a birni ana kiranta 'yar bariki. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 ta samar wa tata yarinyar mafita, domin bayan auren dole tana shekara 13 ta gudu, ta faɗa hannu na gari, ta yi karatu. To amma a zahiri ba kowace ce ke dacewa da irin wannan ba. Abin da nake so mu bi a yau shi ne wancan wurin da labari kan tsallake, wato abubuwan da ke faruwa da yarinya tun tana gida, waɗanda ke miƙa ta ga masu cin kasuwa da mutuncinta. Kuma tun daga farko mu gyara suna: yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, wadda wani ke biyan kuɗi a kanta, wani kuma ke karɓa, ba karuwa ba ce, wadda aka zalunta ce.

Ƙasar da muke magana a kai ita ce wadda ta kewaye birnin Kano ta arewa: Ungogo, Minjibir, Gezawa, Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta, Makoɗa da Kunchi. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960, ya tarar cewa a kusa da birni fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni ake riƙe ta. Ƙasa ce mai albarka da ƙwazon manoma, amma gona ba ta haihuwa. Duk lokacin da aka raba gado sai ta ƙara tsukewa. Polly Hill, wadda ta zauna a Dorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna yadda gidaje da yawa suka wayi gari da 'yar gonar da ba ta ciyar da su, wasu ma ba su da ko taki ɗaya. Gidan da hatsinsa ke ƙarewa tun kafin bazara dole ya nemo kuɗi ta wata hanya. Namiji ya tafi cin rani, mace tana cikin kulle, to wa ya rage? Yarinya.

Sayar da yarinya ba baƙon abu ba ne a tarihin wannan yanki, kuma ɓoye hakan ba zai amfane mu ba. A ƙarni na 19 Fanisau, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Ungogo, cike take da gandayen sarki da na attajirai inda bayi ke noma, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya yi bayani a littafinsa na 2011. Daga cikin 'ya'yan bayi ake zaɓar ƙwarƙwarori. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma dokar Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa a tsakanin waɗannan shekaru cinikin manyan bayi ya mutu, amma na yara, musamman mata, ya koma ƙarƙashin ƙasa. Dalili kuwa a fili yake: yarinya ba ta da bakin kai ƙara, kuma mai tafiya da ita yana iya cewa 'yarsa ce ko matarsa. A lokacin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta yi wa ƙasar Kano mummunar ɓarna, an samu iyayen da suka rabu da 'ya'yansu domin abin sawa a baka. Darasi na farko ke nan: yunwa ce ke buɗe ƙofa, amma kullum akwai mai saye da dillali suna jira a waje.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayan haka. Kuɗi suka yawaita a hannun maza matafiya, 'yan kwadago da sojoji da direbobi. Kalmar bariki kanta daga mazaunin Turawa da sojojinsu ta samo asali, kafin ta koma sunan duk wata rayuwa da ke wajen idon dangi. Aka samu gidajen mata ƙarƙashin magajiya, da kawalai masu haɗa ciniki. Masu binciken da suka zauna da waɗannan mata, irin su Abner Cohen a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 da Renée Pittin a Katsina a shekarun 1970, sun tarar cewa akasarinsu zawarawa ne da suka fito daga gidan aure, kuma labarin auren fari da aka yi ba da son yarinya ba yana yawan fitowa daga bakinsu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Idan an aurar da yarinya tana 13, auren ya mutu tana 15, mahaifi ya rantse ba za ta zauna masa a gida ba, to bazawarar da ta hau motar Kano ko ta Legas har yanzu yarinya ce, ko da jama'a sun daina kallonta a haka. Haka ma waɗanda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, miji ya sake su, su ƙare a birni ba mai kula da su. Wannan ita ce ƙofa ta biyu.

Ƙofa ta uku ita ce talla, kuma a nan sai an yi adalci. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan kulle. Uwa ta soya ƙosai ko ta dama fura, 'ya ta kai kasuwa, da ribar ake tara kwanuka da sauran kayan ɗaki, wanda rashinsu abin gori ne ga amarya har ta tsufa. Saboda haka uwar da ke ɗora wa 'yarta talla ba ƙinta take yi ba, a ganinta aure take haɗa mata. Abin da ya sauya shi ne wurin tallar. A da yarinya tana zagaya gidajen da aka san iyayenta. Da aka shimfiɗa kwalta daga Kano zuwa Katsina ta Bichi, da wadda ta bi ta Dambatta zuwa Kazaure da Daura, sai ciniki ya koma tasha da bakin titi da manyan kasuwanni irin su Dawanau, inda baƙi ke kwana da kuɗi a aljihu. Ga kuma ƙa'idar da ta fi komai haɗari: kada ki dawo da kwantai. Yarinyar da ta san duka na jiranta idan ta koma da saura, ita ce wadda mugu ke ce wa zai saye duka. Daga nan ake farawa, kuma da yawa ba sa iya faɗa wa kowa.

Ta huɗu ita ce aikatau. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, da tsadar rayuwar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, tura 'yan mata birni aikin gida ya zama hanyar samun kuɗi ga gidajen ƙauye da dama. Wata mata ce ke zuwa ta kwashe su, ita ke raba su gidaje, sau da yawa ita ke karɓar albashin. Iyaye ba su san ƙofar gidan da 'yarsu take ba. Idan aka ci zarafinta a can, ko aka yi mata sharrin sata aka kore ta, kunya da tsoro kan hana ta komawa gida. Marainiya da 'yar da aka saki uwarta ta tashi a hannun kishiya ko a gidan riƙo su ne suka fi saurin faɗawa, domin babu mai tambayar ina suka kwana. Maza ma ba su tsira ba, ƙaramin almajirin da ke kwana a rumfar kasuwa yana cikin irin wannan haɗari, sai dai nasa ba a cika maganarsa ba.

To me aka yi a kai? Maganin da ya fi daɗewa shi ne kora. Idan ruwa ya ɗauke, sai hukuma ta ba matan bariki wa'adi su yi aure ko su bar gari. Su koma gari na gaba, in damina ta kankama su dawo. Dokoki kuma ba mu rasa su ba. Finalkod ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya saya ko ya sayar da wanda bai kai 18 ba domin lalata. Tun zamanin soja Kano ke da dokar hana ƙananan 'yan mata talla. An ƙaddamar da Shari'a a jihar a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, shekarar da Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara ta kuma kafa NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Kano ba ta sa hannu a tata dokar kare yara ba sai a watan Mayun 2023. Amma wanda ya duba zai ga abu guda yana maimaita kansa tun zamanin sarakuna: yarinyar ake kamawa a nuna wa duniya, mai biyan kuɗin da dillaliyar su sulale. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Inda aka ga haske shi ne inda aka taɓa tushen. Hukumar A Daidaita Sahu da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa a 2004 ta fito da shirin Fansar 'Yar Talla, wanda hikimarsa ita ce a tallafa wa uwa domin ta saki 'yarta ta tafi makaranta. Tunanin daidai yake, domin hana talla ba tare da maye gurbin ribar ba, cewa uwa ake yi ta kashe tukunyarta. An gwada irin wannan a gundumar Zomba ta ƙasar Malawi, inda aka riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa bayan wata 18, masu ɗauke da cutar ƙanjamau a cikin waɗanda aka ba kuɗin kashi 1.2 ne cikin 100, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 3, kuma mu'amalarsu da manyan maza ta ragu. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kano na cikin jihohi bakwai na farko, shi ma a kan wannan turba aka gina shi: gyara makarantun sakandare da tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata. Ƙalubalen irin waɗannan shirye-shirye a wurinmu shi ne ɗorewa, domin sukan tafi tare da gwamnatin da ta kawo su.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Mai unguwa da limami suna iya kafa ƙa'ida cewa ba yarinyar da za a ɗauka aikatau sai an san sunan mai gidan da unguwarsa, kuma uwa ta riƙa jin muryar 'yarta a waya. Shugabannin tasha da na kasuwa suna iya hana yara talla bayan magariba, su kuma miƙa wanda aka kama yana lalata da yarinya ga hukuma maimakon a kashe maganar a rumfa. Iyaye su sassauta gasar kayan ɗaki, su daina dukan yarinya a kan kwantai. Uba kuma ya sani cewa Musulunci ya ce a nemi yardar mace kafin a aurar da ita, kuma idan aure ya mutu ƙofar gidansa ita ce ta farko da ya kamata ta tarar a buɗe. Yarinyar da aka ceto kuwa asibiti da makaranta da sana'a take buƙata, ba kyamara da gori ba.

Ga marubutanmu kuma, ina roƙon a daina tsallake wannan babi. A nuna mana ranar da hatsi ya ƙare a rumbu, da matar da ta zo da alkawarin aiki a birni, da alhajin da ya ce zai saye farantin duka. Tun ran gini ran zane, kuma mai karatu ba zai gane hannun da ya tura yarinyar ba sai an nuna masa shi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana. Amin.