Daga gonar lakwal zuwa salula: abin da tarihi ya koya mana



Duk shekara idan aka koma lakwal a watan Oktoba, sai gardamar salula ta taso. Direkta ya ce duk yaron da aka kama da waya a aji za a karɓe ta. Uba ya ce shi ya saya da kuɗinsa don ya san inda ɗiyarsa take. Yaro kuma ya ce a cikinta yake samun darussa. A gefe guda akwai wani kuka da ya fi wannan daɗewa: yaro ya yi shekara goma a kan benci, ya fito bai iya gyaran kwan lantarki ba, bai iya lissafin riba da faɗuwa a tebur ɗin uwarsa ba. Muna ganin maganganun nan biyu a haɗe suke, kuma ba yau aka fara su a Nijar ba. Bari mu koma baya kaɗan.

A shekarar 1922 aka mayar da Nijar cikakkiyar ƙasar mallakar Faransa, fadar mulki tana Damagaram kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Gwamna na farko shi ne Jules Brévié. Daga baya ya zama gwamna janar na duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, daga 1930 zuwa 1936, kuma a zamaninsa aka yaɗa abin da suka kira lakwal ta karkara. Manufar a takarda tana da daɗin ji: a koya wa ɗan manomi noma da kiwo da sana'ar hannu tare da ɗan karatu. Amma a ƙasa, yara sun fi daɗewa a gonar lakwal fiye da cikin aji. Ku tuna lokacin aikin tilas ne, ana kwasar iyaye zuwa aikin hanya. Uban da aka ɗauke masa ɗa da ƙarfi, ya je ya tarar da shi riƙe da hauya a gonar da ba tasa ba, me kuke so ya ce? Sai ya ce ai wannan ma aikin tilas ne na yara. Su kuma ƴan bokon Afirka na lokacin suka ce ana so ne a tsayar da ɗan baƙar fata a ƙaramin ilimi, kada ya kai inda ɗan Bature ya kai. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi watsi da tsarin, a 1946 kuma aka soke aikin tilas. Tun daga nan wani abu ya zauna a zukatan mutane: wai lakwal ta gaskiya ita ce ta alƙalami da biro, aikin hannu kuwa wulaƙanci ne.

A wannan lakwal ɗin akwai abin da aka hana shiga aji tun kafin a san salula, wato harshenmu. Dattawa da yawa suna tuna sambol, ɗan abin nan da ake rataya wa yaron da aka ji yana Hausa ko Zabarmanci a harabar lakwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Hanin ya sa yara sun iya yin shiru da leƙen juna, amma bai hana su Hausa ba da zarar sun fita ƙofa. Kuma duk da wannan tsanani, lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

A 1964 wani ɗan Tasawa, Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa a yau, ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka. Malamin kimiyya ne, masanin hasken rana, ba mai ƙin boko ba. Abin da ya nuna shi ne tarbiyyar gargajiya ba ta raba koyo da aiki: ɗan maƙeri yana koyo a bakin zuga-zugi, ɗiya tana koyo a gindin murhu da turmi, ɗan makiyayi a bayan garke. Ya nemi a koyar da harsunan ƙasa, a kuma haɗa karatu da aikin da ke ciyar da jama'a, ba tare da an rage darajar ilimin ba. Wannan shi ne bambancinsa da tsarin Brévié.

A wannan zamanin ne kuma Nijar ta yi suna a duniya wajen shigar da na'ura cikin koyarwa. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, waɗanda ake kira radiyo-kulob. Mutanen gari su taru da dare, su saurari shiri a kan lafiya ko noma, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Sau da yawa mushen lakwal ne ke jagorantar zaman. A 1964 kuma aka fara talabijin ta lakwal da taimakon Faransa. Ajujuwa kusan 20 ne a kewayen Yamai a matakin gwaji, ana sa wa yara darasi a akwatin talabijin, wani mai kula da aji da bai yi dogon karatu ba yana bi da su. Har da farantin hasken rana aka gwada don kunna akwatunan a ƙauyen da ba lantarki. Baƙi sun yi ta zuwa kallo, yaran kuma sun iya Faransanci a baki fiye da yadda aka saba gani. To amma shirin yana da tsada, ya dogara da kuɗi da ƙwararrun waje, kuma malamai da sufetocin lakwal na asali ba su ɗauke shi nasu ba, tunda an gina shi ne a gefensu. Bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasa ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka rufe babin, kayan aikin suka zama tushen Télé Sahel.

Abin da ya fi talabijin daɗewa shi ne wanda ba ya buƙatar lantarki. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. Harshen da aka rataya wa yara sambol a kansa ya zama harshen allo. A ƙarshen shekarun 1980 kuma aka sa APP cikin tsarin firamare, wato ayyukan hannu masu amfani: lambu, kiwo, saƙa, ɗinki, dashen itace. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ƙara jaddada cewa ilimi ya dace da rayuwar ƙasa.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1990 da farkon 2000 mun san yadda APP ta kasance a wurare da yawa. Inda aka yi sa'ar mushe mai son abin da rijiya a kusa, an yi lambu na gaske, an ci salati da tumatir, an sayar an sayi alli. Inda ba a yi sa'a ba, awar APP ta koma sharar fili, ɗebo ruwa, ko kawo kara da zana don gyaran aji. Ba kayan aiki, ba a horar da malamin ba, kuma ba ta da nauyi a jarrabawa, sai kowa ya ɗauke ta lokacin hutu. Wani lokaci ma da aikin ake horo: ka yi latti, ɗauki tsintsiya. Yaron da aka hora da aiki, ta yaya zai girma yana ganin darajar aiki? A kolej akwai darasin EFS, na tattalin gida da zaman iyali, shi ma sau da yawa a kaye yake ƙarewa. Makarantu irin su lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da makarantar aikin gona ta Kollo sun fitar da ƙwararru, an kuma buɗe cibiyoyin koyon sana'a a kwaminoni, amma har yau iyaye da yawa suna kallon su a matsayin wurin wanda ya faɗi.

Sai ga salula. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta zama Zain, ta zama Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, ita ce Zamani ta yanzu. Ba ma'aikatar ilimi ce ta kawo wannan na'ura ba, ba kuma wani shirin taimako ba. Mutane ne suka saya da kuɗinsu don sun ga amfaninta. Wata mai bincike daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa yana iya kira ya ji kuɗin tiya kafin ya yi lodi. Daga 2009 kuma aka yi wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram tare da ƙungiyar CRS. Ajujuwan yaƙi da jahilci ne na manya. A wasu ƙauyuka an yi karatu kamar yadda aka saba, a wasu kuma aka ƙara koya wa ɗalibai gane haruffa da lambobi a kan ƙaramar salula, su rubuta saƙo da harshensu. Waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma abin ya zauna musu watanni bayan an rufe aji, domin suna ci gaba da amfani da shi a gida. Ku lura, wayar ba ita kaɗai aka miƙa musu ba. Akwai malami, akwai darasi, akwai abin da ake so a cimma.

Wannan ba ya nufin damuwar malamai ba ta da tushe. Wayar yau ba ta ABC ba ce. Tana da kyamara, da TikTok, da WhatsApp, da cacar ƙwallo. Mushen da ke gaban yara 80 ba zai iya gasa da ita ba. Akwai satar amsa, akwai ɗaukar hoton yarinya a yaɗa ba da saninta ba, akwai ɗaukar malami a ɓoye don a yi masa dariya. Shi ya sa ba a yarda a shiga zauren BEPC ko Bak da ita. Wasu ƙasashe sun wuce nan: Faransa ta yi doka a 2018 ta hana amfani da waya a firamare da kolej, Aljeriya ta sha katse intanet a lokutan jarrabawar Bak, hukumar UNESCO kuma a rahotonta na 2023 ta ce kada a bar na'ura a aji sai inda take taimakon karatu a fili. Amma mun kuma ga ɗaya fuskar a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe lakwal daga watan Maris zuwa farkon Yuni. Ɗan birni mai babbar waya ya samu darussa ta WhatsApp, ɗan ƙauye ya zauna hannu rabbana.

To me za mu ɗauka daga duk wannan? A ganinmu, hana waya lokacin darasi daidai ne, amma a rubuta dokar a fili, a karanta wa iyaye a taron COGES tun farkon shekara: ina ake ajiye wayar, wa ke da alhakinta, yaushe ake mayar da ita, kuma ta wace lamba uwa za ta samu ɗanta idan wani abu ya faru. Fasa wayar yaro a gaban jama'a ko riƙe ta har ƙarshen shekara ba ya haifar da komai sai gaba tsakanin gida da lakwal, yara kuma su ƙware wajen ɓoyewa kamar zamanin sambol.

Sa'an nan hanin kaɗai bai isa ba, domin yaron zai fita ƙofa ya kunna ta. A cikin abubuwan rayuwa da ya kamata a koyar yau har da ita kanta wayar: yadda ake gane saƙon ɗan damfara da ke cewa ka ci kyauta ka turo lambar sirri, yadda ake tura kuɗi a duba rasit, yadda ake tantance murya ko bidiyo kafin a tura wa wani guruf, da abin da yaɗa hoton mutum ke jawowa. A haɗa da lambu, da ɗinki, da gyaran farantin hasken rana, da taimakon gaggawa ga wanda ya ji ciwo, da riƙe littafin shiga da fitar kuɗi. Masu koyarwar suna nan cikin unguwa: tela, makanike, mai gyaran salula a bakin kasuwa, ungozoma, manomin da ya iya sassaben zamani irin wanda ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi tun shekarun 1980. A gayyace su da mutunci, a ba darasin maki a bultin, kada kuma a sake horon yaro da shi.

Taron iyaye na gaba, mu daure mu je. Mu tambayi direkta me dokar waya ta ce, mu kuma tambaye shi me ake yi a awar aikin hannu, sannan mu faɗi abin da mu za mu iya kawowa. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba malamansu haƙuri da lada.