Gidan da ke Gindin Dutsen Sina'i

Yau tarihi za mu bi, tarihin wani gida a tsakiyar hamada.

A nan Jos, a shekarun 2000, in mutum ya dawo daga ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, ban da JP da ya ƙara a bayan sunansa, akwai hoton da ba ya rasawa: ga shi a bisa Dutsen Sina'i, ya ƙudundune cikin bargo, rana tana fitowa a bayansa. Daga Isra'ila ake shiga Masar ta iyakar Taba, mota ta yi ta ratsa jajayen duwatsu, ba gona, ba ciyawa. Wajen ƙarfe biyu na dare ake fara hawa, wasu a ƙafa, wasu a kan raƙumi. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, kusan ninki biyu na tudun da garin Jos yake zaune a kai, ga sanyin da ya fi hunturunmu. In an sauko da hantsi kowa ya gaji, hankali yana kan mota. Saboda haka da yawa sukan wuce wata babbar katanga a gindin dutsen ba tare da sun tambayi labarinta ba.

Tun ƙarni na 4, masu bi sukan bar garuruwa su zauna a kogunan wurin domin addu'a, gama sun ɗauka nan ne Musa ya ga kurmin da yake cin wuta, kamar yadda Fitowa sura 3 ta faɗa. Masana ba su yarda da juna ba a kan ko dutsen nan ne ainihin Sina'i, amma al'adar ta daɗe. Wata mace mai suna Egeriya ta taso daga yammacin Turai ta hau shi wajen shekara ta 383, ta kuma rubuta wa 'yan'uwanta mata a gida abin da ta gani. Mata zumunta, kun ji wadda ta riga ku.

Mahara suna damun masu zuhudun nan, sai Sarki Justiniyan na Rum ya gina masu katanga da majami'a tsakanin 548 da 565. Daga baya aka kira wurin da sunan Katarina mai tsarki. Bisa ga al'adar wurin, sarkin ya kawo waɗansu iyalai su zauna kusa su yi tsaron gidan.

Bai kai shekara ɗari ba, wajen 640, Larabawa Musulmi suka ci Masar. A hankali zuriyar masu tsaron nan ma suka musulunta. Su ne ake kira Jabaliyya, wato mutanen dutse. A arewacin Afirka, ƙasar Agustin, ikkilisiyoyi masu bishop-bishop da yawa sun ƙare ƙaf. Wannan ƙaramin gida kuwa bai rushe ba, har yau ana sujada a cikinsa.

Masu zuhudun suna riƙe da kwafin wata takarda da suka ce Annabi Muhammadu ne ya ba da ita domin kāre su. Masana tarihi suna gardama a kan asalinta, amma sarakunan Musulmi da dama sun girmama ta. A wajen 1106 aka mai da wani ɗaki masallaci a cikin katangar, yana nan kusa da majami'ar. Jabaliyya suna yi wa gidan aiki, masu zuhudu suna raba masu gurasa. Kada mu ɗauka kullum lafiya ake zaune. Akwai zamanin da aka toshe ƙofa saboda tsoro, baƙo sai an ja shi sama da igiya ya shiga ta taga. Duk da haka, maƙwabtakar ba ta yanke ba. Mu da muka ga 7 ga Satumba 2001 a Jos, muka ga 2008 da 2010, muka ga unguwanni sun rabu, kowa ya koma wajen nasa, ba ma buƙatar a bayyana mana nauyin shekara 1,400 na zama katanga ɗaya.

Abin da katangar ta adana shi ne littattafai, fiye da 3,000 da aka rubuta da hannu, da Helenanci, Larabci, Suriyanci, harshen Jojiya da wasu harsuna. Wannan yana faranta mani rai. Wanda yake addu'a da Berom ko Ngas ko Tarok a gida, ya yi waƙa da Hausa ran Lahadi, ya sani tun dā haka ikkilisiya take.

Mafi daraja a cikinsu shi ne wanda ake kira Codex Sinaiticus, Littafi Mai Tsarki na Helenanci da aka rubuta a kan fata a ƙarni na 4. A cikinsa ne ake da cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da ya rage a duniya. Masu fassara a ko'ina, har da masu aikin juya Littafi zuwa harsunanmu a nan Jos, suna aiki da nassin Helenanci da aka gwada da shi.

Yadda ya bar gidan abin tunani ne. Ba mahara ne suka ɗauke shi ba. Wani malami Kirista daga Jamus, Tischendorf, ya zo a 1844 ya tafi da ganye 43 zuwa Leipzig. Ya ce a kwandon takardun ƙonawa ya same su, masu zuhudu kuwa ba su yarda da wannan labari ba. A 1859 ya dawo ya karɓi sauran, ya kai wa sarkin Rasha. A 1933 gwamnatin Sobiyat ta sayar wa Ingila da shi a kan fam 100,000, yau yawancinsa yana Landan. A 1975 masu zuhudu suna gyara wani ɗaki da aka manta a jikin katanga, sai ga waɗansu ganyayen littafin a cikin tarkace. Waɗannan suna Sina'i.

Hanyar ma ta sha wahala. A Fabrairu 2014 bom ya tashi a motar masu ziyara 'yan Koriya ta Kudu a Taba, suna dawowa daga wannan gida, mutum huɗu suka mutu, har da direban, ɗan Masar. In Allah ya kai ɗayanku can, wanda zai riƙe masa fitila cikin dare, ya ja akalar raƙumi har zuwa matakalan ƙarshe, mai yiwuwa ɗan Jabaliyya ne.