Hanyar Gabas: Tarihin Fita Karatu Masar da Sudan

Fita neman ilimi zuwa gabas tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da Borno, kuma tun asali tare take tafiya da aikin Hajji. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, ya karanci Risala da Muhtasar a zauren malaman garinsu, idan ya ga ya ƙure abin da ke wurinsu, sai ya nemi izinin iyaye da albarkar malami, ya bi ayarin alhazai. Da yawa a Alƙahira suke yada zango na shekaru, ko a tafiya ko a dawowa.

Mutanen Kanem sun riga kowa a wannan yanki tanadar wa matafiyansu masauki. A tsakiyar ƙarni na 13 sun ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda ake karantar da fiƙihun Malikiyya. Daga baya masallacin Azhar ya ware wa baƙin ɗalibai sassan kwana gwargwadon ƙasashensu, har da sashen Barebari, ana ba su burodi daga dukiyar waƙafi. Wannan tanadi shi ya sa ɗan talaka ma ke iya zama ya yi karatu mai zurfi.

Shirin tafiyar ba ƙarami ba ne. Hanya ɗaya ta bi ta Agadas da Gat da Fezzan ta ratsa Sahara, ɗayar kuma ta bi ta Borno, Wadai da Darfur. Babu mai bin ko ɗaya shi kaɗai, dole ya jira ayari da madugun da ya san rijiyoyi. Kayan ɗalibi su ne gafaka da littattafansa, buzu, alƙalami da tawada, sai guzurin da ba ya lalacewa kamar kilishi da dabino. Guzuri kuwa ba ya kai mutum. Akan tsaya a gari a yi noma damina guda, ko a karantar da yara, ko a kwafi littafi a sayar, sannan a yi gaba. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, kuma mai fita yakan yafe wa kowa, ya nemi gafara, domin ba kowa ke dawowa ba. Abin da ake komawa gida da shi shi ne ijaza, wato shaidar malami cewa ya karantar da ɗalibi littafi kaza, tare da jerin malaman da aka karɓo shi daga gare su.

Muhammad al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ya yi Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi kan hatimai da lissafinsu a 1732, ya rasu a 1741 a gidan wani malami, Hasan al-Jabarti. Malam Jibril ɗan Umar kuwa, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya haɗu da Murtada al-Zabidi a Alƙahira, ya komo da ijazarsa.

Mulkin Turawa ya karkata akalar zuwa Sudan. A 1934 aka buɗe makarantar Shari'a ta Kano da malamai 'yan Sudan, wadda ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947. Da aka tashi tura ɗalibanta ƙarin karatu, hukuma ta guji Masar saboda tsoron siyasarta, ta zaɓi kwalejin horar da malamai ta Bakht al-Ruda da ke kusa da Duwem. A tsakiyar shekarun 1950 Abubakar Gumi, Halliru Binji da Shehu Galadanci suka je can. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, Galadanci kuma ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato. Ƙananan tawagogi irin wannan su suka gina karatun Larabci na zamani a Arewa.

Bayan samun 'yancin kai ƙofar Masar ta sake buɗewa, kuma a Khartum aka kafa Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, wadda ta zama Jami'ar Afirka ta Duniya a farkon shekarun 1990. Shiri ya koma na takardu: fasfo, biza, katin rigakafin shawara, takardar samun gurbi da kuɗin makaranta. Abin da ake nema ma ya faɗaɗa, domin iyaye da gwamnatocin jihohi sun riƙa tura 'ya'ya, musamman mata, karatun likitanci a Sudan, ganin sauƙin kuɗi da kusancin al'ada.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 ya katse wannan hanya. An kwashe ɗaliban Nijeriya a motocin safa zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jiran izinin shiga kafin jirage su ɗebo su daga Aswan, wasu kuma aka fitar da su ta Port Sudan. Da yawansu sun dawo karatunsu bai kammala ba, suka shiga neman gurbi a jami'o'in gida da na Masar.