Yadda Lissafi Ya Mamaye Karatun Harkar Kuɗi

A 1900 Louis Bachelier ya kare kundin digirinsa na dakta a birnin Faris, inda ya auna hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari da lissafi. An ba shi digirin, amma aikin ya kwanta kusan shekara 50 ba a cika waiwayarsa ba.

Jami'ar Harvard ta buɗe digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a 1908. Darussan kuɗi na wancan zamani galibinsu bayanin takardun bashi ne da tsarin kamfanoni.

Harry Markowitz na Jami'ar Chicago ne ya juya akalar. A 1952 ya nuna da lissafi yadda rarraba jari ke rage kasada. Ranar kare kundinsa, masanin tattalin arziki Milton Friedman ya zolaye shi cewa wannan ai ba ilimin tattalin arziki ba ne. Abin dariya, a fannin Markowitz ya ci kyautar Nobel a 1990. A 1973 kuma dabarar lissafin farashi ta Black da Scholes ta fito, 'yan kasuwar Chicago suka rungume ta nan da nan.

Yau ɗalibin digiri na biyu a harkar kuɗi kan shafe shekara ɗaya ko biyu yana fama da ƙididdiga, rubuta manhajar kwamfuta da sanin makamar aiki a banki.